Ruwan Tsamin Inna a Cheras

Ranar da zan taho Malesiya karatu, Umma ba ta ja mini kunne a kan samari ba, ba ta kuma yi maganar yawo ba. Ruwa ta yi wa magana. Ta ce idan na isa kada in kuskura in sa ruwan famfon mutanen nan a bakina, in riƙa sayen na gora. Ni kuwa yarinya ce mai jin magana, balle maganar da ta zo daidai da tsorona.

Da na sauka a gidan da aka sama mini a Cheras, can saman wani dogon bene, na buɗe famfon kicin zan wanke fuska. Wani wari ya daki hancina, irin na farin kayan makaranta da aka jiƙa a bilic. Na mayar da famfon na rufe a hankali.

"Kulorin ne," in ji wata murya a bayana. "Ba ya cizo."

Matar da zan zauna da ita ce. Malama ce daga Zariya, ta zo yin digiri na uku, ta baro mijinta da 'ya'yanta a gida. Ta girme ni sosai, don haka tun daga ranar nake ce mata Anti. Ta ɗauki kofi ta tara a famfon, ta shanye tas tana kallona ta saman tabaraunta, sannan ta ce in je in huta, ta ga alamar jirgi bai gama sauke ni ba.

Ban bi sahunta ba. Na cika ƙarƙashin gadona da gorunan ruwa, har goge baki da su nake yi. Kafin wata ya ƙare ta raɗa mini suna Hajiyar Gora. Idan ta ji ƙarar buɗe murfi daga ɗakina sai ta ɗaga murya ta ce, "Hajiya, a sha lafiya. Mu talakawa muna nan bakin famfo."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ita ma tana sayen ruwan gora. Katan guda kullum yana ajiye a lungun kicin, kusa da wani farin bokitin roba da aka rufe da tsohon ɗankwali. Ban taɓa ganin ta sha ko kurɓi ɗaya daga ciki ba. Wata rana na tambaye ta ko na baƙi ne.

Ta ce, "Na Inna ne."

Inna mahaifiyarta ce, tana Zariya. Abin da ke cikin bokitin kuwa gasarar koko ce, ta kwanta fara sol a ƙasa, ruwan tsaminta yana sama. Anti ta ce tun tana ƙarama ba a taɓa wayar gari a gidansu babu koko ba, kuma Inna ba ta taɓa barin sabuwar gasara ta yi tsami da kanta. Sai ta ɗebi ruwan tsamin tsohuwar ta zuba a sabuwar, haka mako bayan mako. Ita ma Innar daga ɗakin uwarta ta taho da irin, ranar da aka kai ta gidan miji. Da Anti za ta taho, Inna ta wanke wata kwalbar maganin tari ta cika mata, ta naɗe a zani, ta cusa a tsakiyar akwati. Haka ruwan ya ƙetaro teku.

Duk Asabar aiki ɗaya ne a gidanmu. Anti takan sayo gero a kedai, wato shagon wani Ba'indiye mai sayar da kayan yaji, ta wanke, ta jiƙa, ta markaɗa a bilenda da citta da kanumfari, ta tace da wani siririn mayafi da ba a yin komai da shi sai wannan. Daga ƙarshe ta tsiyaya tsohon ruwan tsamin a kai tana bisimilla. Tun daga jiƙo har tata, ruwan gora kaɗai ke taɓa geron.

Na ce, "Anti, ke da kike mutum kina shan na famfo, bokiti kuma shi ne mai shan na gora?"

Ta ce, "Maganin da suke zubawa a ruwan nan aikinsa kashe ƙananan halittu. Bai san na cuta ba, bai san na Inna ba, duk ɗaya ne a wurinsa. Ni ina da hanta da ƙoda. Su waɗannan ba su da kowa sai ni."

Kullum da safe takan dama mana koko. Ina tuna tururinsa a jikin tagar kicin, da ƙarar ludayi a gefen kwano, da yadda hasken safiya ke faɗowa a kan kafaɗarta. Duk wannan ina tunawa. Ɗanɗanon ne ban riƙe ba. Nakan ambula masa madarar gwangwani da sukari har ya koma fari, in sha a tsaye, ido a kan waya, kunne a kan lokacin jirgin ƙasa. Anti takan leƙa kofina ta girgiza kai.

"Kin kashe shi. Wannan ai shayi ne mai kauri."

Sai in yi dariya in ɗauki jaka.

Da korona ta zo aka rufe gari, makaranta ta koma cikin waya da kwamfuta. Babban titin da ke ƙarƙashin tagarmu, wanda ba ya shiru ko ana ruwan sama, ya zama kamar kogin da ya ƙafe. Na fara jin kukan tsuntsayen da ban san suna unguwar ba. Da aka fara cewa cutar tana ɗauke wa mutum jin ƙamshi da wari, Anti ta ƙirƙiro mana gwaji na cikin gida. Bayan sallar asuba kowace za ta buɗe famfon kicin ta sunkuya ta shaƙa. Idan warin bilic ya daki hanci, to, yau ma an tsira.

"Hajiyar Gora, zo ki gaida maƙiyinki," haka take kirana.

A hankali warin da na tsana ya zama abin da nake ɗokin ji. Har yau idan na shaƙe shi sai in ji wani sanyi a ƙirji, kamar an ce mini kowa lafiya.

A cikin wannan kullen Inna ta rasu. Ba korona ba ce, ciwon tsufa ne da ya daɗe yana zagayenta. Babu jirgi, babu hanya. Anti ta zauna a kan dardumarta ta karɓi gaisuwa ta waya, murya bayan murya, tana cewa Allah ya ba da lada, har muryarta ta dushe. Ranar sadakar uku ta dama koko tukunya guda, muka zuba a robobi muka rataya a ƙofofin maƙwabta. Tsohuwar Bamalayiyar da ƙofarta ke kallon tamu, wadda muke kira Makcik, ta dawo mana da robar cike da wani koren abin zaƙi mai kwakwa, ta tsaya daga nesa da takunkumi a fuska, ta ɗora hannu a ƙirji. Ba ta jin Hausa, mu ma Malayancinmu bai wuce na kasuwa ba, amma an yi gaisuwar.

Bayan kwana arba'in Anti ta tambayi ƙanwarta ta waya ko wa ke kula da gasarar Inna. Ƙanwar ta ce ai tun a makon rasuwar aka zubar, aka wanke robar aka kife. Gidan ya cika da mutane, ba wanda hankalinsa ya kai wurin. Anti ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye wayar, ta shiga kicin, ta gyara wa bokitin ɗankwalinsa.

Ta ce, "Abin da Inna ta bari zannuwa ne da kwanuka. Wannan kaɗai ne yake numfashi."

Daga ranar na daina yi wa bokitin dariya.

A shekara ta biyu cutar ta shigo benenmu. Aka zagaye ginin da waya mai ƙaya, aka ce ba shiga ba fita sai an gwada kowa. Wata safiya ina ɗaure ɗankwali na ji famfon kicin yana zuba, ya daɗe yana zuba. Na fito na tarar da Anti a sunkuye, ta tara ruwa a tafin hannu ta kai hanci, ta zubar, ta sake tarawa.

Ba ta juyo ba ta ce, "Sun daina sa maganin ne?"

Daga bakin ƙofa nake jin warinsa. Ta juyo ta dubi fuskata, sai ta rufe famfon.

Gwaji ya nuna tana da ita, ni ba ni da ita. Da yake tana da asma ba a bar ta ta yi jinya a gida ba, aka sa ta cikin waɗanda za a kai wurin killacewa. Ni kuma aka ɗaura mini wani awarwaron roba ruwan hoda, alamar kada in taka ko bakin ƙofa. Tana tsaye da 'yar jakarta a can ƙarshen falo, nesa da ni, ba maganar magani take yi ba, ba ta 'ya'yanta ba.

"Ki tsiyaye ruwan saman kullum da safe, ki bar kaɗan, ki zuba sabo. Na gora. Kada ki cika rufe shi, yana son iska. In kika ga ya daina ƙananan kumfa, ki kira ni ko da ina barci."

Ana kawo mana shinkafa da ƙwai da kifin gwangwani a rataya a ƙofa. Ruwa ne ba a kawowa, tunda famfo yana zuwa. Na fito da gorunan da ke ƙarƙashin gadona na haɗa da na lungun kicin na jera su a ƙasa. Ko ba a ƙirga ba, ido ya nuna ba za su ishe mu mu biyu ba, ni da bokiti.

A ranar na fara shan ruwan famfo. Na tafasa, na bar shi ya huce, na riƙe kofin na daɗe ina kallonsa kamar maganin ɗaci. Da na kurɓa sai na ji ruwa ne kawai, mai ɗan nauyi a harshe. Na ji kunyar shekarun da na yi ina gudunsa, na kuma so a ce Anti tana nan ta yi mini tsiya. Da na gaya wa Umma ta waya, sai ta ce, "To, ki dai riƙa tafasawa." Ban san amsar za ta zo da sauƙi haka ba.

Aka ƙara wa'adin kullen. Anti ma ba a sallame ta ba, numfashinta ya ƙi daidaita. Gorunan suka yi ta raguwa har na tsiyaye ta ƙarshe. Na kira ta. Tana magana tana tsayawa, kamar mai hawan bene da kaya a ka.

Ta ce, "Ki tara na famfo a faffaɗan kwano. Kada ki rufe. Ki bar shi ya kwana, maganin zai fice da kansa. Da safe ki shinshina, in babu wari ki zuba. Haka Inna take yi in famfon Zariya ya zo da ƙaurin magani."

Na ce, "To, Anti, tunda kin san haka, me ya sa duk shekarun nan kike ɗauko katan daga kedai?"

Na ji tana jan numfashi. Ta ce, "Inna in nata ya mutu, gida nawa za ta aika a ɗebo mata iri. Ni wurin wa zan aika?"

Na fito da duk wani abu mai faɗi da muke da shi, tire da faranti da murfin tukunya da kaskon suya, na cika su na jera a ƙasan falo. Da hantsi rana takan shigo ta faɗa a kansu, hasken ya tashi ya riƙa rawa a jikin silin. Ni kaɗai a gidan, ba mai magana, sai in kwanta a tsakaninsu in kalli silin ɗin har azahar. Da safe in durƙusa in bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci. Wanda ya yi shiru, wato babu sauran wari, shi nake zuba wa gasarar. Da Asabar ta zagayo na jiƙa ragowar geron da ruwan da ya kwana, na markaɗa, na tace da mayafin, Anti tana ji ta waya tana gyara mini. Na tsiyaya tsohon tsamin a kai.

Washegari na ɗaga ɗankwalin. Ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, ɗaya, sai wata, sai wata. Na ɗauki hotonsu na aika mata. Ta rubuto, "Hajiyar Famfo, Allah ya yi miki albarka."

Da aka sallami Anti ta dawo a rame, idanunta sun faɗa. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce kicin, ta buɗe bokitin, ta sa fuskarta a ciki. Ta daɗe. Da ta ɗago ta ce ba ta jin komai, kamar ta leƙa bokitin da babu kowa a ciki. Da safe ta dama koko yadda ta saba, ta kurɓa, ta ajiye ludayin.

"Ɗumi kawai nake sha," in ji ta. Ta turo mini kwanon. "Sha ki gaya mini. Yana nan yadda yake?"

Na kai hannu ga gwangwanin madara, ta dafe shi.

Wannan ne karo na farko da na sha kokon Inna tsuransa. Tsamin ya kama gefen harshena, citta ta biyo baya, sannan wani abu mai kama da ƙamshin ƙasa idan an yi yayyafi. Yana da daɗi ƙwarai, daɗin da ban san yana cikin kofina ba duk safiyoyin nan. Amma ba wannan ta tambaye ni ba. Na lalubi bakina, na lalubi ƙwaƙwalwata, ban sami abin da zan gwada shi da shi ba.

Na ce, "Anti, ban san yadda yake a da ba."

"Ke da kike sha tun zuwanki?"

"Madara nake sha."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da tarin ya lafa sai ta ɗauke kai ta kalli taga.

Da aka kwashe wayar ƙayar ta koma sayen katan ɗinta. Ni kuma na zama harshenta. Kullum da safe in sha in faɗa mata abin da na ji, ita kuma ta saurara ido rufe. Takan ce na Inna yana da wani abu a ƙarshe, bayan an haɗiye, kamar ruwan sabon tulu. In sake kurɓa in jira shi a maƙogwaro. Wata rana in ji kamar ga shi nan, wata rana babu. Ban taɓa tantancewa ba ko a kokon nake samunsa ko a maganarta. Duk ranar da na ce kamar na ji, takan wuni da walwala, ta zauna ta yi rubutun digirinta. Duk ranar da na ce ban ji ba, takan ce, "Ba komai, gobe ma rana ce," ta shiga ɗaki.

Watanni suka wuce a haka. Wata safiya na sake jin famfo ya daɗe yana zuba. Na fito na same ta a sunkuye kamar wancan karon, sai dai yanzu kafaɗunta suna motsi. Ta ɗago, fuskarta jiƙe.

"Bilic," ta ce tana murmushi. "Wallahi bilic ne. Duk ƙamshin duniya, shi ya fara dawowa."

Muka yi dariya tare. Sai dariyar ta tsaya, don mun tuna abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ta rufe famfon. Ta goge hannu a zaninta, ta sake gogewa. Ta durƙusa gaban bokitin ta ɗage ɗankwalin a hankali. Ni ina tsaye ina kallon ƙeyarta.

Ta ce, "Lafiyayyen tsami ne. Kin kula da shi."

Na jira.

"Amma ba na Inna ba ne."

Na fara cewa ko ruwan famfon ne bai gama hucewa ba wata rana, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ita ta ce in zuba, kuma ba ta ma san ko ruwan ne ba. Wataƙila geron Ba'indiyen ne ya yi ta jan shi kaɗan kaɗan tun shekarun baya, ita kuma da yake kullum tana tare da shi ba ta lura ba, sai yanzu da ta yi nesa ta dawo. Wataƙila kuma hancin ne ya dawo a karkace, don ga albasar da ke kan tebur tana yi mata warin ƙonanniyar taya.

"Ko shi ya canja, ko ni," in ji ta. "Babu wanda zai raba mana gardama."

Ba da ni take ba, na sani. Amma a duk faɗin ƙasar nan baki biyu ne kawai suka sha kokon nan kullum kafin ruwan famfo ya taɓa shi. Ɗaya cuta ta shiga tsakaninsa da abin da ya sani. Ɗayan lafiyarsa ƙalau, yana nan a tsaye a kicin ɗin, kuma ba shi da abin faɗa. Da na zauna ko sau ɗaya a waɗancan safiyoyin na sha shi yadda aka dama shi, da na iya ce mata e ko a'a, ta kama ɗaya ta huta.

Da Anti ta gama karatu aka buɗe hanya, ta matse rabin gasarar a mayafin, ta yi curi, ta shanya a bakin taga har ya bushe. Ruwan tsamin kuma ta ɗeba ta cika tsohuwar kwalbar maganin tarin, ta naɗe a zanin da ya zo da ita. Sauran ta bar mini, da bokitin da ɗankwalin. Na ce mata ban iya ba. Ta ce, "Wa ya riƙe shi ina kwance?"

Yana nan a lungun kicin. Ban sake sayen katan ba. Da yamma nakan tara ruwa a tire in bar shi a buɗe, da safe in shinshina in zuba. Kokon nakan sha shi a zaune, ba madara, in jira abin nan na bayan haɗiya. Har yanzu ban san ko shi ne ba.

Kwanakin baya Anti ta kira ni daga Zariya. Ta ce irin ya kama, 'ya'yanta suna sha kafin su tafi makaranta, autarta ma har ƙari take nema. Ta ce suna kiransa kokon Inna.

Na ce, "Kin gaya musu?"

Ta cikin wayar na ji ƙarar ludayi a gefen kwano.

Ta ce, "Me zan ce musu?"